Ƙaiƙayi, borin jini da atishawa gab da ɗaukewar al'ada: Abin da ya kamata matan Alsahafa da Omdurman su sani

Mata da yawa da suka haura shekara 40 kan wayi gari jikinsu ya daina jure abin da ya saba da shi tun ƙuruciya. Lallen da aka shekara 20 ana ƙunsawa sai ya fara tayar da ƙuraje, turaren wuta ya fara sa atishawa, fata kuma ta riƙa ƙaiƙayi da dare ba tare da an ga ko ƙurji ɗaya ba. A daidai wannan lokaci ne jinin al'ada kan fara wasa, wani watan ya zo da wuri, wani watan ya yi jinkiri.

Hausawan Sudan, kamar maƙwabtansu, kan kira wannan duka da kalmar Larabci ta hasasiyya. A Kano da Maraɗi kuwa sai a ce borin jini ne. Wani lokaci haka ɗin ne. Wani lokaci kuma sauyin sinadaran jiki ne da ke zuwa gabanin ɗaukewar al'ada, ko kuma wata cuta ce ta daban da ta fake a bayan ƙaiƙayin, irin su ciwon sukari da ƙarancin jini. Rarrabe su na da muhimmanci, domin maganin da ke kwantar da ɗaya na iya tsananta ɗayan. Lamarin ya fi tsanani a Khartum da Omdurman, inda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da asibitoci, ganin likita ya zama sai an dage.

Wane lokaci ne wannan?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba kuma don juna biyu ko wani magani ba. Shekarun da ke gabanin haka, tun daga ranar da jinin ya fara rikicewa, su ne ake magana a kansu a nan. Likitocin Nijar da Chadi na kiran su périménopause da Faransanci. Ga mata da dama lokacin kan kai kimanin shekara 4, wasu kuwa sukan yi shekara 8 ko fiye a cikinsa.

Abin da ke faruwa shi ne ma'ajiyar ƙwan mace ta fara gajiya. Sinadarai biyu da take fitarwa, estirojin da furojestaron, su ne ke tsara zuwan jini kowane wata. A wannan lokaci furojestaron kan ragu saboda ba kowane wata ake sakin ƙwai ba. Shi kuwa estirojin hawa da sauka yake yi, wani makon ya haura abin da aka saba, wani makon ya faɗi ƙasa warwas, kafin daga baya ya zauna a ƙasa gaba ɗaya. Wannan hawa da saukar ce ke sa mace ta ji ta garau yau, gobe kuma ta rasa gane kan jikinta.

Alamar da aka fi sani ita ce zafin da ke taso wa mace farat ɗaya daga ƙirji zuwa wuya da fuska, tare da gumi da bugun zuciya, ya yi minti 1 zuwa 5 ya lafa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa wannan zafi da gumin dare kan ɗauki kimanin shekara 7 ga matan da yake yawan damunsu, kuma ga mata baƙar fata ya kai kimanin shekara 10.

Har yanzu mace na iya ɗaukar ciki a wannan lokaci. Haka kuma ɗaukewar al'ada kafin shekara 40 ba abin zura wa ido ba ne, yana buƙatar binciken likita.

Me ya haɗa al'ada da ƙaiƙayi?

Estirojin na taimaka wa fata ta riƙe ruwa da maiƙo, yana kuma taimakawa wajen gina zaren da ke ba ta kauri. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na wannan zare a shekara 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Fatar da ta bushe ta yi siriri ba ta iya tare sabulu da turare da ƙura kamar da, shi ya sa abin da bai taɓa damun mace ba yanzu yake sa ta susa. Wasu matan har kan ji kamar tururuwa na yawo a jikinsu alhali babu komai.

Irin wannan bushewa kan taɓa ido, ya riƙa zafi kamar an zuba yashi, wani lokaci ma ya riƙa zubar da hawaye. Takan taɓa cikin hanci da baki, da kuma gaban mace, inda ake yawan ɗaukar ƙaiƙayin a matsayin ciwon sanyi a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an samu sauƙi ba.

Akwai kuma batun histamin. Wannan sinadari ne da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a fata da hanci da huhu da hanji ke saki idan sun ji an taɓa su. Shi ne ke haddasa ja da kumburi da ƙaiƙayi da yoyon hanci a lokacin bori. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa waɗannan ƙwayoyi na jin motsin estirojin, kuma yana iya zaburar da su su saki histamin. Wannan na daga cikin dalilan da masana ke bayarwa na yadda asma da borin fata kan sauya salo ga wasu mata a kwanakin al'ada, da lokacin goyon ciki, da kuma gab da ɗaukewar jini. Borin fatar da ke wuce mako 6 yana zuwa yana tafiya ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza.

Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne, tasowar zafi ba ta barin tabo, ba ta kumbura leɓe, kuma takan wuce cikin mintuna. Borin jini kuwa yakan fito da taswira-taswira masu tudu da ƙaiƙayi, kowace ta ɓace cikin yini guda wata ta fito a wani wurin.

Abin da ke cikin iskar Khartum

Unguwar Alsahafa da ke kudancin Khartum, da birnin Omdurman da ke yammacin kogin Nilu, suna cikin yanki mai zafi da bushewa ƙwarai. A watannin Mayu da Yuni zafin rana kan haura digiri 40. Daga wannan lokaci har cikin damina ne ake fama da habub, guguwar ƙurar da ke tasowa kamar bango ta rufe gari. A watannin sanyi kuma busasshiyar iskar arewa ce ke kaɗawa, kamar dai hunturu a ƙasar Hausa, fata ta yi ta tsagewa.

Mazauna bakin Nilu sun san nimitti, wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo, waɗanda ke fitowa tuli a watannin sanyi suna taruwa a jikin fitila. Binciken da likitocin Jami'ar Khartum suka yi tare da takwarorinsu na Birtaniya a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 ya tabbatar cewa shaƙar burbushin waɗannan ƙwari na haddasa atishawa da asma. Macen da tarinta ke tashi kowace shekara a wannan lokaci tana da dalilin zargin nimitti kafin ta zargi abinci.

Tun bayan da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, iyalai na ta komawa gidajen da suka yi kusan shekara 2 a rufe. Irin waɗannan ɗakuna cike suke da ƙura da kashin ɓera da kyankyasai da toka, kuma yawanci mata ne ke sharar. Ana so a buɗe tagogi tukuna, a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a rufe hanci da baki, a kuma shanya katifu da darduma a rana.

Lalle, dilka da hayaƙin ɗalha

Gyaran jikin matan Sudan ya yi suna har Maiduguri da Kano da Damagaram. Sai dai fatar mai shekara 47 ba ta ɗaukar abin da ta amarya ke ɗauka.

Lallen gargajiya tsantsa ba kasafai yake tayar da bori ba. Matsalar tana ga baƙin rinin da ake haɗawa da shi don ya yi baƙi da sauri, wanda ake kira sabga a Sudan, dayis a ƙasar Hausa. Yana ɗauke da sinadarin PPD, kuma likitocin Khartum sun daɗe da sanin illarsa. Yakan sa wurin zanen ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa bayan kwana 1 zuwa 3, a karon farko ma har bayan mako 2. Idan jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Sinadarin nan kuma shi ne a cikin yawancin baƙin rinin gashi, wanda mata kan fara nema daidai lokacin da furfura ta ɓullo. Macen da dayis ya taɓa ƙona wa hannu, idan ta shafa rinin a kai, fuskarta da idanunta na iya kumbura.

Dukhan, wato zaman da mace ke yi a kan ramin hayaƙin itacen ɗalha lulluɓe da bargo, ya haɗa zafi da hayaƙi wuri guda. Zafin na iya tayar da gumi da bori, hayaƙin kuma na iya tayar da asma. Haka turaren wuta a rufaffen ɗaki. Mai fama da tari ko shessheƙa gara ta dakata da su. Wadda ba ta da wannan matsala kuwa sai ta rage tsawon zaman, ta yi shi inda iska ke ratsawa. Dilka da humra su ma a gwada kaɗan a cikin dantse a jira kwana 2 kafin a shafe jiki.

Abin da ya fi taimakon busasshiyar fata ba shi da tsada: wanka da ruwan da bai yi zafi ba, sabulu marar ƙamshi, a daina dirza da soso mai kaushi, sannan a shafa man kaɗanya ko basilin ko man riɗi tun jiki na da danshi. Tufafin auduga sun fi na leda daɗin fata.

Abincin da kan tayar da bori

Hausawa sun zauna a Sudan ne a kan hanyar hajji, kuma sun ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Tukunyarsu ta yau ta haɗa gida biyu. Akwai asida da kisra da ful da shayi, ga kuma agashe da godogodo da miyar kuka da suka zo da su.

A cikin wannan abinci, ainihin borin da garkuwar jiki ke yi wa wani nau'i ya fi faruwa da gyaɗa, riɗi, kifi, ƙwai, madara da alkama. Alamarsa ita ce yana zuwa da sauri, daga ƴan mintuna zuwa awa 2 bayan ci, kuma yana maimaituwa duk lokacin da aka ci abin ko da ɗan kaɗan ne. Yana iya fara wa mutum da girmansa. Mai borin gyaɗa ta kula da dakwa da ke shiga salak da miya, da ƙulin agashe, ta kuma kula da hulba, domin ƴan gida ɗaya ne da gyaɗa kuma takan tayar wa wasu.

Akwai kuma abincin da shi kansa ke ɗauke da histamin. Ƙwayoyin cuta ne ke samar da shi a cikin kifi da nama da cuku idan sun daɗe ko an tsima su. A Sudan wannan ya shafi fasikh da tirkin, wato kifin da ake tsimawa da gishiri, da busasshen kifin kajek, da sharmut na busasshen nama, da mish da tsohon cuku, da kifin gwangwanin da aka buɗe ya kwana. Dafuwa ba ta kashe histamin. Saboda haka a lokacin da wutar lantarki ba ta tsayawa, kifin da ya yini cikin zafi na iya sa duk wanda ya ci fuskarsa ta yi ja, kansa ya yi ciwo, cikinsa ya murɗa, ko da an soya shi ƙayau. Idan mutum biyu ko uku a gida suka kamu lokaci guda, laifin kifin ne.

Hanjin ɗan'adam na da wani sinadari mai suna DAO da ke narkar da histamin na abinci, kuma ana ganin wasu mutane nasu ba ya wadatarwa. Masana ba su haɗu a kan girman wannan matsala ba, kuma babu gwajin jinin da ke tabbatar da ita kai-tsaye. Barkono da shaɗɗa da shayi mai tururi kuwa sukan tayar da gumi da yoyon hanci ne kawai, wannan ba bori ba ne.

Yadda ake gano mai laifi

Hanyar da likitoci suka fi yarda da ita ita ce rubutu. Mace, ko ɗiyarta idan ita ba ta rubutu, ta riƙa lissafa abin da ta ci, abin da ta shafa, maganin da ta sha, ranar da jini ya zo, da lokacin da ƙaiƙayin ya tashi. Cikin wata 1 ko 2 sawun ɓarawon kan bayyana.

Idan zargi ya faɗa kan wani abinci, sai a ajiye shi na mako 2 zuwa 4. In ba a ga canji ba, a mayar da shi. In an ga sauƙi, a sake gwada shi kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda, a bar kwana 3 a tsakani. Amma abincin da ya taɓa kumbura leɓe ko ya toshe numfashi ba a sake gwada shi a gida.

Babban kuskure shi ne a yanke kifi da ƙwai da madara da gyaɗa da wake gaba ɗaya saboda tsoro. A garin da iyalai da dama suka rayu da abincin takaya, wato ɗakunan girkin taimakon unguwa, macen da ta haramta wa kanta waɗannan ta jefa kanta cikin yunwar da ta fi ƙaiƙayin illa.

Abin da jiki ke buƙata a waɗannan shekaru

Ƙashi ya fi saurin zaizayewa daga shekara 1 kafin jinin ƙarshe zuwa kamar shekara 2 bayansa. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka ya ce mace na buƙatar kalsiyam miligiram 1,000 a rana har zuwa shekara 50, sannan 1,200 bayan haka. Kofin madara ɗaya na ba da kusan 300. Nono da rob da farin cuku na ɗauke da shi, haka riɗi da ɗahiniya, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, kuka, zogale, da lalo wanda ake kira khudra a kasuwannin Khartum. Bitamin D da ke taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyam daga rana ake samunsa, kuma ƙarancinsa na samun matan da ke yini a ɗaki ko da a ƙasa mai rana ne. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, yana da amfani.

Jinin da ke zuba da yawa na cinye sinadarin ƙarfe na jiki, kuma ƙarancinsa na kawo kasala da haki da zubewar gashi, har da ƙaiƙayi. Muddin mace na ganin jini tana buƙatar kimanin miligiram 18 a rana, bayan ya ɗauke kuma 8 ya isa. Ana samunsa a hanta da nama da ful da adas da wake da gero. Lemon tsami da tumatir da garin ƴaƴan kuka, wanda ake kira gongoles, na taimakawa wajen tsotse shi. Shayi da kofi kuwa suna hanawa, don haka a bar aƙalla awa 1 tsakanin abinci da shayi.

Ful da wake da ƙwai da gyaɗa, ga wadda ba ta bori da su, na riƙe naman jikin da ke raguwa da shekaru. Kisra da asidar dawa ko gero sun fi farin burodi riƙe ciki da daidaita sukari. Waken suya da awara na ɗauke da wani sinadari mai kama da estirojin, kuma wasu matan kan ɗan samu sauƙin tasowar zafi da su, ko da yake tasirin ba shi da yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da fasikh. Sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12. Mai shan shayi sau 4 a rana da cokali 3 kowanne ta riga ta cike wannan adadi kafin ta taɓa zoɓo ko tsamiya. Hawan jini da ciwon sukari sun fi samun ƙofa a wannan shekaru, domin kitse kan koma taruwa a ciki. Jabana da shayin dare na hana barci, suna kuma tayar da zafi ga wasu. Shan ruwa isasshe wajibi ne, musamman tsakanin buɗa-baki da sahur idan azumi ya faɗo a bazara.

Motsa jiki, barci da damuwa

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka sau 2. Tafiyar sauri ta minti 30 bayan asuba ko da la'asar sakaliya, kwana 5 a mako, ta cika adadin farko. Tashi da zama daga kujera sau da yawa a jere, da ɗaga jarkar ruwa madaidaiciya, suna cikin na biyun. Ranar da habub ya taso, a yi a ɗaki.

Taba sigari na gaggauta ɗaukewar al'ada da shekara 1 zuwa 2, kuma hayaƙin shisha da na gawayi a rufaffen wuri na tsananta tari. Rashin barci da fargaba kuwa suna ƙara wa ƙaiƙayi da bori ƙarfi. Matan da suka ga yaƙi da gudun hijira da rashin ƴan'uwa na iya fama da faɗuwar gaba da gumin dare ta fuska biyu. Faɗa wa ma'aikaciyar lafiya wannan ba abin kunya ba ne, kuma yana taimaka mata ta san inda za ta dosa.

Cututtukan da ke sajewa da bori

Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, a tsakanin yatsu da ƙugu, kuma yara ma na susa, ƙazuwa ce, wadda ke yaɗuwa inda aka cunkushe kuma ruwa ya yi ƙaranci. Gida gaba ɗaya ake yi wa magani. Ƙuraje tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ciwon bayan ido na iya zama zazzaɓin dengi, wanda ya addabi Khartum a 2023 da 2025. A irin wannan hali farasitamol kaɗai ake sha, domin asfirin da ibufurofen da dikulofenak na iya jawo zubar jini.

Ƙaiƙayin jiki duka ba tare da ƙurji ba na iya fitowa daga ciwon sukari, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ko matsalar ƙullutun wuya da ke haddasa maƙoƙo. Wannan na ƙarshe na kawo gumi da bugun zuciya da rikicewar al'ada, har a ɗauka ɗaukewar jini ce. Gumin dare da rama da tarin da ya wuce mako 2 kuwa na buƙatar gwajin tarin fuka.

Magunguna ma na da nasu. Wasu magungunan hawan jini irin su lisinofiril da kaftofiril kan sa busasshen tari, wani lokaci su kumbura leɓe da harshe, kuma hakan ya fi samun baƙar fata. Likita ne zai canza su, ba a dainawa haka kawai.

Magani da iyakarsa

Setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana, su ne matakin farko na bori da atishawa. Kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton, na sa barci da bushewar baki da ido.

Abin gudu shi ne deksametazon da furednizolon ba bisa umarnin likita ba. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son su, kuma su ne a cikin ƙwayoyin ƙibar da ake kira sha-ka-fashe, danginsu kuma na cikin mayukan bilicin da yawa. Daɗewa a kansu na zaizaye ƙashi, ya tayar da sukari da hawan jini, ya sirantar da fata, wato dai duk inda shekarun nan suka riga suka raunana. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke farat ɗaya, sai likita ya rage mata a hankali.

Maganin mayar da estirojin shi ne ya fi tasiri ga tasowar zafi, kuma akwai na shafawa don bushewar gaba. Ba a ba da shi don bori. Likita ne ke tantance wadda ya dace da ita, domin akwai waɗanda bai kamata su sha ba, kamar mai tarihin sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya.

Yaushe ne ba a jira?

Kumburin harshe ko maƙogwaro, shaƙewar murya, wahalar numfashi, ko jiri da suma bayan cin abinci ko shan magani ko harbin ƙwaro, alamun bori mai kisa ne. Allurar adirenalin ce maganinsa, ƙwayar bori ba ta isa ba, don haka a garzaya asibiti mafi kusa.

Ana kuma buƙatar ganin likitan mata idan jini na wuce kwana 7, ko yana jiƙa ƙunzugu duk awa, ko yana zuwa bayan saduwa, ko ya dawo bayan an yi wata 12 babu shi. Sau da yawa ƙarin mahaifa ne ko sauyin sinadarai, amma sankarar mahaifa ma da haka take fara nuna kanta, kuma gano ta da wuri ne ke sa a warke.

Babban asibitin da mutanen Alsahafa suka saba zuwa shi ne asibitin koyarwa na Ibrahim Malik. A Omdurman akwai asibitin haihuwa da ake kira Dayat, wanda aka buɗe a 1957, da asibitin Al-Nau da ya ci gaba da aiki cikin yaƙi da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 70 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan da faɗa ya shafa sun daina aiki, kuma gyara na tafiya ne sashe-sashe, don haka yana da kyau a tambayi cibiyar lafiyar unguwa wane sashe ke karɓar marasa lafiya kafin a biya kuɗin mota.

Gwaje-gwajen da suka fi amfani a zuwan farko su ne na yawan jini, na sukari, awon hawan jini, da na ƙullutun wuya idan akwai hali. Ga macen da ta haura shekara 45, likita kan gane wannan lokaci daga bayaninta ba sai an auna estirojin ba. Ta tafi da takardar da ta rubuta alamominta, da kwalayen duk maganin da take sha, da mai da rinin da take shafawa.